Mun San Kantu, Amma Wa Ya Taɓa Ganin Fim Ɗin Ganda?

Idan hunturu ya kankama a Yamai, shekara tana shirin juyawa, hira ɗaya ce a kowace fada: kokowa. Shayi na kan wuta, rediyo na gefe, wannan ya ce bana takobin zakaran gasar ƙasa na Dosso ne, wancan ya rantse sai Maradi. A irin wannan zama, ka tambayi wanda ya fara ɗaukar takobi, kafin ka rufe baki yaro ɗan shekara goma sha biyar zai ce maka Kantu na Maradi, a Tawa, a 1975. Lokacin ba a haife shi ba, wataƙila ko ubansa ba a haifa ba, amma ya sani.

A ranar 1 ga Janairun 1981 Oumarou Ganda ya rasu. Ranar takan faɗo daidai lokacin da ƙurar filin kokowa ke tashi ko ta fara lafawa, kuma takan wuce shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kwanan baya na hau tasi zuwa Wadata, na ce wa direban ya ajiye ni a CCOG, wato cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Da muka kusa sai na ce masa, “Samari, shi wannan Oumarou Ganda da aka sa wa gidan nan sunansa, wane ne?” Ya yi jim, ya sosa ƙeya, ya ce, “Wallahi Baba, ina jin dai wani tsohon minista ne.”

Ban ga laifinsa ba. Sau nawa yake wucewa ta ƙofar gidan a yini, amma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa aikin mutumin.

Ga kuwa labarin da ya fi na ministoci da yawa daɗin ji. An haifi Ganda a Yamai a 1935. Yana saurayi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indochine. Ya dawo gida bai sami abin yi ba, ya gangara Abidjan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, wanda ya sa shi jarumin wani fim da ya fito a 1958. Da wani ne, da ya tsaya nan yana cin albarkacin hoton. Shi sai ya koma bayan kyamara. Fim ɗinsa Cabascabo labarin tsohon soja ne da ya dawo da 'yan kuɗi a aljihu, abokai suka yi masa caa, da kuɗin suka ƙare kowa ya kama gabansa. An nuna shi a bikin fina-finai na Cannes, a Faransa, a 1969. A wannan shekarar ne kuma, cikin watan Fabrairu, aka fara bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu. Da aka kafa babbar kyautar bikin a 1972, wato Ingarman Yennenga, ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta: Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Wani Alhaji ne ya dawo daga Makka ya ƙwallafa rai a kan yarinyar da aka riga aka yi wa miji, ya sa kuɗi ya aure ta ta uku, kishi ya kai ga kisa. Zalika Souley ce ta fito a matsayin kishiyar. Ku faɗa mini unguwar da ba a san irin wannan labari ba a yau. Har yanzu FESPACO na ba da kyauta da sunan Ganda ga wanda ya yi fim ɗinsa na farko. Maƙwabta suna kiran sunansa duk bayan shekara biyu, mu kuwa mun mayar da shi sunan tashar sauka.

Janairun ne kuma ya ɗauke mana Boubou Hama, a 1982, marubucin da gidan tarihi na ƙasa ke ɗauke da sunansa. Yara na zuwa can ranar salla kallon zaki da dorina. Littattafansa kuwa, sai dai ɗalibin da jarrabawa ta tilasta masa.

To, me ya sa Kantu ya zauna a bakin yara, Ganda bai zauna ba? Wasu za su ce ai kokowa tamu ce tun kaka da kakanni, silima kuwa baƙuwa ce. Akwai ƙamshin gaskiya, amma bai ishe ni ba. Ita kanta gasar takobi ba gado ba ce. Kokowar dandali bayan girbi ita ce gado. Gasar ƙasa kuwa hukuma ce ta zauna ta tsara ta a zamanin Seyni Kountché, ta ce za a riƙa yi ana zagaya jihohi, aka gina filaye, aka sa rediyo ya kai ta har bukkar makiyayi. Yau jihohi takwas kowace na kawo 'yan kokowa goma, kuma duk sanda aka buɗe fili, makaɗa da masu sharhi sai sun jero sunayen na da, daga Kantu da Salma Ɗan Rani har zuwa Issaka Issaka. Yaro na jin wannan jeri kowace shekara har ya haddace shi kamar karatun allo. Maimaici ne ya yi aikin. Abin da aka yi wa kokowa da gangan, shi ne ba a yi wa fim ba.

Na yi murna a watan Oktoban 2024 da aka sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar sunan Moustapha Alassane. Ya cancanta. Mutum ne da ya fara fim tun farkon shekarun 1960, yana cikin na farko-farko a Afirka da suka yi fim na zane mai motsi, har ya yi wani a 1966 inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki, shaguɓe ga masu mulkin lokacin. Ya zaɓi zama a Tawa, can ya yi ta aikinsa da 'yan tsana da hannunsa har tsufa, ya rasu a watan Maris na 2015. Sai dai ina tsoron kada nan da shekara ashirin wani direban tasi ya ce shi ma tsohon minista ne. Canza allo a bakin ƙofa aikin yini ɗaya ne, kuma shi ne mafi arha cikin duk abin da za a iya yi wa mamaci.

Na san hujjojin da ake kawowa. Tsofaffin gidajen silima na Yamai sun rufe. Kwafin da yawa daga cikin waɗannan fina-finai suna ajiye a Faransa, kuma akwai maganar haƙƙin mallaka. Wasunsu da Zabarmanci ne, wasu da Faransanci, ga su tsofaffi, wasu ma babu launi. Ƙasa kuma na fama da tsaro da tsadar hatsi, wa ke ta fim? Hujjar farko da ta biyu gaskiya ne, kuma aikin ma'aikatar al'adu ne ta nemo kwafi ta sasanta da magada. Ta harshe kuwa ba ta kama ni ba. Je ka wurin masu tura fina-finai a waya a kowace kasuwa, ka ga yadda matasa ke layi don fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa a Kano. In har za a sa Ba'indiye ya yi Hausa, Cabascabo ba zai gagara ba. Batun kuɗi ma, ban nemi a gina sabon gida ba.

Abin da nake nema kaɗan ne. Gidan talabijin na ƙasa ya ware daren 1 ga Janairu ya nuna fim ɗin Ganda guda, kowace shekara, ba fashi, ko da mutum goma ne za su kalla a karon farko. Sannan a yi amfani da taron da kokowa ta riga ta tara. Da magariba, in an tashi daga karawa, dubban mutane na nan a garin da ke karɓar baƙi, ba su da abin yi sai yawo da shan shayi. Iyayenmu sun san majigi: farin ƙyalle, injin wuta, tabarma. Alassane na da wani ɗan gajeren fim mai suna Kokoa, bai kai minti ashirin ba, inda kwaɗi da wasu dabbobi na 'yan tsana ke kokowa a fili, 'yan kallo na ihu. A kafa ƙyallen a tsakiyar filin, a kan yashin da aka yi kaye da la'asar, a zaunar da 'yan kokowar tamanin a sahun gaba, da su za a fara.