Sanyi Ya Shigo, A Kula Da Hannu Wajen Zuba Sukari Da Dunƙule

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa masu neman halak a Legas, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago.

Sanyin garin nan iri biyu ne. Akwai na hunturu a Disamba da Janairu, wanda bai kama ƙafar na Kano ko Jos ba, sai dai ƙura da tsagewar leɓe. Akwai kuma na damina a Yuni da Yuli, lokacin da ruwa kan wuni yana zuba, tufafi su ƙi bushewa, mutum ya dawo ɗaki a jiƙe sharkaf. A duka biyun rai na son abu mai zafi da zai zauna a ciki, kuma babu laifi a nan. Abin da ke damuna shi ne irin haɗin da muke yi masa.

Ka tsaya gaban teburin mai shayi bayan isha'i ka gani. Saurayi zai ce a yi masa mai kauri: madara rabin gwangwani, Milo cokali uku, sukari cokali huɗu, ga burodin Agege an lafta masa bota. Bai gama ba, sai a ɗora masa indomi biyu da ƙwai uku suna ninƙaya cikin mai. Ya cinye ya miƙe a tabarma. Gari na wayewa koko ne da sukari da ƙosai. Ɗan dako da ke sauke buhunan albasa zai ƙone wani abu daga ciki, amma mai gadi da mai canji da mai tsaron shago fa, waɗanda ke wuni a kan benci?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in so samu ne ma ya tsaya a 6. Ka lissafa kofin nan guda, ka tuna Milo ɗin ma da nasa sukarin a ciki. Gishiri kuwa ta ce ƙasa da giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba. Mu kan duba gishirin da muka barbaɗa da hannu kawai, mu manta dunƙule yawancinsa gishiri ne, garin da ke cikin ledar indomi haka, har kanwar ɗanwake tana ɗauke da sinadarin da ke tayar da hawan jini. Shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Mutum na yawonsa garau, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza, kuɗin da aka tara na aure da na gini ya tafi a wankin ƙoda. Wallahi wannan ne ke sa ni magana.

Ban ce ka bar shayi ba, ɗan'uwa. Ka ce wa mai shayi ya rage cokali ɗaya wannan makon, mako mai zuwa ya ƙara rage ɗaya. Harshe yana sabawa, har ka kai inda tsohon haɗinka zai gundure ka. Ka sa ya jefa citta da kanumfari da masoro, domin ɗumin da kake nema a wurinsu yake. Indomi, a zuba rabin garin, a cika ta da albasa da kabeji da karas, ɗaya ta ishe ka, ƙwai kuma dafaffe ya fi. Masu cewa sun koma zuma su sani ita ma jiki a sukari yake karɓarta, mai ciwon suga kada ya ruɗu.

Abin takaici, abincinmu na gida tun asali lafiyayye ne. Faten tsaki da rama ko yakuwa da daƙaƙƙiyar gyaɗa, faten wake da alayyafo, kunun gero da tsamiya, kwaɗon zogale, tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawa ta ji. Iyayenmu da daddawa da albasa da busasshen kifi suke fitar da ɗanɗano, mu kuwa sai mun murza dunƙule biyar a tukunya ɗaya. Ga ganye da kabewa da tumatir nan daga Arewa ake kawo su, da hannunmu muke sauke su a Mile 12, amma sai mu sayar wa wasu mu koma kan burodi. In kuna ɗaki ɗaya ku huɗu, ku haɗa kuɗi ku dafa fate da daddare. Ya fi arha, ya fi riƙe ciki.

Farfesu kuma, a bar shi ya ɗan lafa a kwashe kitsen da ya taso sama, ko a yi na kifi tunda garin ruwa muke. Wajen mai ƙosai ka leƙa kaskon. Idan man ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi, an daɗe ana maimaita shi, ka wuce ka sayi alale.

Sai yawan cin da lokacinsa. Annabi (SAW) ya koya mana raba ciki uku: abinci, ruwa, numfashi. Ka ci abin darenka kusa da magariba, ka taka zuwa masallaci isha'i, kada cokali na faɗuwa ka bi lafiyar katifa.

Ina roƙon duk wanda ya haura shekara 30, ko akwai mai hawan jini ko ciwon suga a gidansu, ya shiga kemis ko asibitin unguwa cikin makon nan a auna shi. Minti kaɗan ne. In aka ce jini ko suga ya hau, ka ga likita, kuma maganin da ya rubuta maka kada ka ajiye shi don wani ya ba ka jiƙo a tasha.