Matuƙin jirgi ma yana shiga damuwa, wa zai faɗa wa?

Duk wanda ya zauna wajen Palladan ko Kwangila ya san ƙarar ƙananan jiragen nan na NCAT, kwalejin koyon tuƙin jirgi da take Zariya tun 1964. Ni in na ɗaga kai na hango su, yaron da ke ciki nake tunawa, wanda ƙila sai da aka saida gona kafin a biya mai kuɗin makaranta, dangi kaf sun zuba ido suna jiran ya zama kyaftin. To ran da ciwon damuwa ya kama shi, bacci ya ƙi zuwa, wa zai tunkara?

Doka dai ta ce ya faɗa. Matuƙin jirgin fasinja sai ya je gaban likitan da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi duk shekara, a tambaye shi ciwo da magungunan da yake sha. Amma shi ma ya san yana buɗe baki za a iya dakatar da shi, albashi ya tsaya, ga kuma mutanenmu da in suka ji ka je ganin likitan ƙwaƙwalwa a Shika ko Barnawa shi kenan ka zama mahaukaci, har maganar aurenka sai ta samu matsala. Wa zai faɗa a haka, fisabilillahi?

A ran 24 ga Maris 2015 mataimakin matuƙin jirgin Germanwings, Andreas Lubitz, ya kulle ƙofar ɗakin tuƙi, da gangan ya kai jirgi cikin duwatsun Faransa, mutum 150 suka mutu. Likita ya ba shi takardar hutu saboda matsalar ƙwaƙwalwa, shi kuma ya ɓoye wa kamfani. Wasu suka ce a ƙara tsaurara doka. Ni ban yarda ba, tsaurin ai shi ke koya wa mutum ɓoyo.

Turai ma ba nan kaɗai suka tsaya ba, sun wajabta wa kamfanoni su buɗe wa matuƙa hanyar neman taimako a asirce, galibi wajen ɗan'uwansu matuƙi. Amurka kuwa tun 2010 ta yarda mai shan wasu magungunan damuwa ya ci gaba da tuƙi in likita na bibiyarsa.

Ba wai na ce a bar mara lafiya ya ɗauki rayukan jama'a ba fa, in abin ya yi tsanani dole a sauke shi. Amma ya kamata ya san akwai hanyar dawowa, da inshorar da za ta riƙe iyalinsa kafin ya warke. Haka injiniyoyi da masu ba jirage hanya daga hasumiya, su ma a Zariya ake horar da su, ba mai maganarsu.

Tun Janairun 2023 muke da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Saura NCAA ta fito ta rubuta ƙarara abin da zai faru da lasisin wanda ya kai kansa asibiti, ɗalibi ya karanta tun shekararsa ta farko.