Kafin a tafi zaman sulhun aure, a zauna da takarda da biro

Yawancin zaman sulhun da ke watsewa a Kano tun daga gida ya lalace. Mutum zai shiga ofishin Hisbah ko zauren mai unguwa da ɓacin ran shekara bakwai a cikinsa, a ba shi dama ya yi magana, ya ƙare lokacinsa a kan abin da uwar miji ta faɗa ranar suna. A tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Tambayar farko ita ce: igiya nawa ta rage? Kafin maganar kome sai an san saki nawa aka yi, da wane lafazi, a wace rana. Idan akwai takardar saki a zo da ita. Idan ta waya ya turo, kada a goge saƙon don zuciya. Ranar tana da muhimmanci saboda daga ita ake lissafin idda: tsarki uku ga mai al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuma sai ta haihu. A saki ɗaya ko biyu, miji na iya mayar da matarsa cikin idda ba tare da sabon ɗaurin aure ba. Idan iddar ta ƙare, sai da yardarta da waliyyi da sabon sadaki. Kuma ciyarwa da wurin zama a wannan iddar suna kan miji. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta, amma mu a nan takarda na shiga hannu sai a kira a-daidaita-sahu.

Sai wanda za a tafi da shi. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i mutum biyu ta ambata, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Biyu, ba mota guda ba. A zaɓi kawu ko baffan da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa. Gwaggon da ta fi mai abin zafi, a roƙe ta ta jira a gida.

Inda na fi so a tsaya shi ne maganar yara, don a nan ake cutar mata da kalma mai daɗi. Za ka ji an ce "zai riƙa ba da abin da ya sawwaƙa", kowa ya shafa fatiha. Wallahi wannan jimlar ta jefa yara da yawa cikin talla. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, riƙon yara na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan uwar ta auri bare, riƙon kan koma wajen mahaifiyarta. Ciyarwa kuwa tana kan uba ko a hannun wa yaran suke. To a zo da lissafi a rubuce: kwano nawa na shinkafa da masara a wata, kuɗin cefane, kuɗin makarantar boko kowane zango, na Islamiyya, magani, ɗinkin Sallah biyu. A faɗi ranar biya da hanyar biya. Turawa ta banki ya fi, saboda yana barin shaida. Tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, a rubuta hatsin da kwano, kuɗin kuma a sa sharaɗin sake dubawa bayan wata shida. Haƙƙin uba shi ma a rubuta: ranar da zai ga 'ya'yansa, wa zai kai su, ina za su yi hutu.

Kayan ɗaki na mace ne. A rubuta su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto, a kwashe gaban shaidu. Idan hul'i ake nema, wato mace ta fanshi kanta a sake ta, 'yar uwa ki san adadin sadakinki da wanda ya karɓa, don sau da yawa a nan miji ke ɗoro lefe da kuɗin biki, zaman ya tsaya cak.

Wani abu kuma bai kamata a rufe shi da "ki yi haƙuri" ba. Inda akwai duka, a fara da asibiti a karɓi takardar likita, kuma mace na da ikon cewa ba za ta zauna ɗaki ɗaya da shi ba, a saurare su daban-daban.

Duk abin da aka cimma a rubuta shi a wurin, a karanta da ƙarfi da Hausa, su biyun da shaidu su sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa. Mai sulhu ba alƙali ba ne, ba ya tilasta kowa. Don haka idan ana shakkar cika alƙawari, a kai yarjejeniyar kotun shari'a alƙali ya tabbatar da ita a matsayin hukunci, yadda ranar da kuɗin makaranta ya makara akwai inda za a nufa.