Ina 'yan ƙasan da aka ce baƙin ma'aikata za su koyar?

Dokar a fili take. Duk kamfanin da ke son kawo ma'aikaci daga ƙasar waje sai ya nemi izini a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ya nuna cewa aikin na ƙwararru ne da ba a samun masu yinsa a nan. Hukumar Shige da Fice kuma ta ba baƙon katin zama da aiki, wanda ake kira CERPAC. Sannan ga sharaɗin da ya hana ni barci: kowane baƙo sai an haɗa shi da 'yan Najeriya biyu su koyi aikin a hannunsa, domin idan wa'adinsa ya cika su karɓa. To don Allah, wa ya taɓa ganin an karɓa?

Ƙanena ya karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bautar ƙasa, ya sha zaman gida kafin wata masana'anta a bayan garin Zariya ta ɗauke shi. Wata rana manaja ya kira shi ofis ya ce, "Injiniya, kawo mana kwafin takardunka da hoto, za a sa ka cikin masu koyon aiki." Yaron nan ya dawo Tudun Wada bakinsa har kunne, Inna har sadaka ta yi. Tun daga ranar bai sake jin maganar ba. Sunansa yana cikin fayil a Abuja, shi kuwa yana nan yana jan waya da canza kwan fitila a kan albashin da bai kai shi tsakiyar wata, ga kuɗin mota kullum daga Kwangila. Idan babban inji ya tsaya, sai a ce kowa ya fita waje. Baƙon ya rufe ƙofa, ya buɗe akwatin wuta shi kaɗai, ya gyara, ya kulle ya jefa makulli a aljihu. Ƙanena ya ce mini, "Yaya, ko lambar sirrin kwamfutar injin ban sani ba, kuma wai ni ne magajinsa."

Abin da ya fi ƙona mini rai ma, a cikin baƙin akwai wanda aikinsa kawai ƙirga buhuna a sito. Ƙirga buhu! A garin da ke da ABU tun 1962, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, a ce sai an tsallako teku an kawo mana mai tsaron sito?

Kada wani ya ce ƙyamar baƙi nake yi. Zazzau ta saba da baƙi, malamai daga Indiya da Ingila sun koyar a Samaru, kuma ɗalibansu ne suka gaje su. Wancan shi ne amfanin baƙo. Fushina yana kan masu kamfanonin da suka mai da 'ya'yanmu sunayen cike fom, da hukumomin da ke karɓar takarda su buga hatimi ba tare da sun taka ƙafa sun duba ba. Izinin nan na wa'adi ne, sabunta shi ake yi. Da wace hujja ake sabuntawa idan wanda aka ce ana koyarwa bai koyi komai ba?

A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da haraji kan kamfanoni masu ɗaukar baƙi, dala 15,000 a shekara kan darakta, dala 10,000 kan sauran ma'aikata, aka ce don a kare guraben 'yan ƙasa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu suka yi caa, ko sati biyu ba a yi ba aka dakatar da shi. Su kukansu ya isa Abuja nan take. Yaran da ake amfani da takardunsu fa, wa ke jin nasu? Wanda ya buɗe baki, gobe an sallame shi, ga wasu ɗari a bakin get.

Ni ban ce a ƙirƙiro sabuwar doka ba. Jami'an Shige da Fice su zo Zariya ba sanarwa, su riƙo fayil ɗin a hannu, su kira sunayen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, su ce kowa ya tada injin da aka ce an koya masa. Su tambaye shi albashinsa a bayan idon manaja. Kamfanin da aka samu da ƙarya a soke izininsa, a kuma buga sunansa kowa ya gani.