A fara tsamo mutum daga ruwa kafin a tambaye shi takarda

Akwai wata hujja da nake yawan ji daga bakin mutane masu hankali, kuma zuciyata ta ƙi karɓarta. Cewa suke yi, idan ana ceto baƙin haure a tekun Bahar Rum, wasu ma za su samu ƙwarin gwiwar shiga kwale-kwale, kasuwar masu safarar mutane ta buɗe, gawarwaki su ƙaru. Wai saboda haka rage ceton shi ne tausayi na gaske.

An riga an gwada wannan tunani a kan rayukan mutane. Ranar 3 ga Oktoban 2013 wani jirgin ruwa ya kama da wuta ya nutse daf da tsibirin Lampedusa na Italiya, mutum fiye da 360 suka rasu, yawancinsu 'yan Eritriya. Abin ya girgiza Italiya har ta tura sojojin ruwanta aikin ceto da aka kira Mare Nostrum, kuma cikin shekara guda suka tsamo mutum sama da dubu 100. A ƙarshen 2014 aka rufe shirin, aka kawo wani ƙarami na Tarayyar Turai mai suna Triton, wanda ya fi mayar da hankali ga tsaron iyaka kusa da gaɓa. Gwamnatin Birtaniya ta fito fili a lokacin ta ce ceto yana jawo mutane. To, mutanen ba su fasa zuwa ba. A watan Afrilun 2015 jirgi ɗaya tak ya kife a tekun Libiya da mutum kusan 800, da yawansu suna kulle a ƙasan jirgin, ko damar faɗawa ruwa ba su samu ba.

Amma mu ɗauka ma lissafin ya yi daidai, barin mutum ɗari su nutse yau zai hana dubu tasowa gobe. Ni dai ban yarda ba. Abin da ake nufi fa shi ne, matar da ke riƙe da ɗanta sama da kanta ruwa yana cinye ta, mutuwarta ake so ta zama saƙon gargaɗi ga wasu da ba ta taɓa gani ba. Masanin falsafa Kant ya daɗe da cewa bai halatta a mayar da ɗan Adam abin biyan buƙata kawai ba. Ba sai ka karanta shi ba kafin cikinka ya gaya maka wannan zalunci ne.

Ba na cikin masu cewa duk wanda ya yi maganar iyaka mugu ne. Masanin falsafar siyasa Michael Walzer ya kafa hujja mai nauyi cewa al'umma tana da haƙƙin zaɓar wanda zai zama ɗanta, kuma gaskiya ne idan baƙi suka yi yawa lokaci guda, talakan ƙasar ne ke jin matsin a asibiti da kuɗin haya, ba mai kuɗi ba. Wani masanin kuma, Joseph Carens, ya tuna mana cewa babu wanda ya zaɓi inda aka haife shi, amma wannan sa'ar ce ke raba mai fasfon da ke buɗe kowace ƙofa da wanda ko bizar jinya ba ya samu. Wannan muhawara ce ta gaske, ana iya shekaru ana yin ta. Sai dai muhawara ce a kan wanda zai zauna. Ba ta shafi wanda ke shan ruwa a tsakiyar teku ba, domin shi kansa Walzer bai musa wajibcin agaza wa wanda ransa ke cikin haɗari ba.

Doka ma haka ta ce. Sashe na 98 na yarjejeniyar teku ta 1982 ya wajabta wa matuƙin jirgi ya taimaki duk wanda ya gani cikin halaka. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta haramta mayar da mutum inda za a cutar da shi, kuma a 2012 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta samu Italiya da laifi kan mayar da mutanen da ta tare a teku zuwa Libiya. Duk da haka, a Yunin 2019 an kama matuƙiyar jirgin ceto na masu agaji mai suna Sea-Watch 3, Carola Rackete, saboda ta shiga tashar Lampedusa da mutum 40 da ta ceto a teku bayan fiye da mako biyu ana hana ta sauke su. Alƙaliya ta sake ta, ta ce aikin ceton rai ta yi.

Abin da nake nema daga gwamnatoci ba shi da wuyar faɗa. Su mayar da jiragensu bakin aikin ceto, su daina jan masu agaji kotu. Wanda aka tsamo a kai shi tudu, a saurari bayaninsa. Idan ya cancanci mafaka a ba shi, idan bai cancanta ba kuma babu haɗari a ƙasarsa, a mayar da shi gida cikin mutunci.