Masu sayar da tsoro sun iso bakin kogin Isa

Tun da zafi ya kankama a Yamai, ruwan kogi ya ja baya, yashi ya fito fari fat a tsakiyar Isa, wato kogin Neja, wata talla take ta yawo a wayoyin mutane. Ni kaɗai sau huɗu aka turo mini ita ta WhatsApp. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ne, irin waɗanda muka saba gani suna hidimar Hajji da Umara, yake kiran jama'a yawon shan iska a tsibiran kogi ranar Lahadi: mota, kwale-kwale, gasasshen kifi, har da mai ɗaukar hoto. Duk wannan babu laifi, kowa da hanyar cin abincinsa. Abin da ya tsaya mini a rai layin ƙarshe ne, wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe. Wai kada kowa ya yi gangancin zuwa bakin ruwa ya yi ciniki da mai kwale-kwale da kansa, domin kamfani ba zai ɗauki alhakin abin da ya same shi ba. To, dama wa ya ɗora musu alhakin?

Na san inda aka kwaso wannan magana. Daga manyan jiragen ruwa na ƴan yawon shaƙatawa aka aro ta, waɗanda suke yawo a teku kamar unguwa guda, su kwana suna tafiya, su wuni a wata tasha. Na san haka ne ta bakin ɗan ƙanwata da yake aiki a Faransa. Bara ya shiga irin wannan jirgi shi da maiɗakinsa, suka taso daga tsibiran Kanari, jirgin ya tsaya musu a Dakar daga safe zuwa yamma. Tun daren jajibiri aka fara yi musu huɗuba. Ga takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa, ga sanarwa a lasifika, duk magana ɗaya: ku sayi tikitin yawon da jirgi ya shirya, domin wanda ya fita da kansa ya makara, jirgi ba zai jira shi ba. Yaron nan shekara huɗu ya yi yana karatu a Jami'ar Cheikh Anta Diop. Ya san Dakar kamar yunwar cikinsa. Amma ya ce mini: "Kawu, wallahi sai da na ji gabana ya faɗi, kamar ban taɓa taka garin ba."

Allah ya sa bai biye musu ba. Da gari ya waye suka fita ƙofar tasha da ƙafa, ya tare taksi, ya yi ciniki da ɗan guntun Wolof ɗin da ya rage a bakinsa, suka nufi Ngor. Daga bakin ruwan ƙauyen, tsibirin Ngor yana nan gabanka kana hangen gidajensa, ƴan mintoci ne a kwale-kwalen masunta ƴan Lebu, kuma sai an rataya maka rigar ruwa kafin ka shiga. Suka wuni a yashi, suka ci gasasshen kifi a hannun wata mata mai rumfa, suka biya da sefa, irin kuɗin da ke aljihunmu a nan. Da yake ya san cunkoson motocin Dakar ba ya da amana, ana azahar ya tayar da matarsa, suka dawo jirgi da sauran awa biyu cur. Waɗanda suka sayi tikitin kamfani da kuɗin Yuro kuwa, mota mai sanyi ta kwashe su, aka sauke su suka yi hoto a gindin katon gunkin nan na tagulla da Abdoulaye Wade ya ƙaddamar a 2010, aka shigar da su shagon tsaraba wanda ɗan rakiya ya zaɓa, aka maido su. Ko ƙafarsu ba ta taɓa ruwan teku ba.

Abin dariya ma shi ne tsibirin Gore. Tashar da ake shiga jirgin zuwa wannan tsibiri tana nan cikin yankin tashar Dakar ɗin, jirgin yana da lokutan tashi a rubuce, tafiyar kamar minti ashirin ce. Tun 1978 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, ƴan makaranta suna zuwa ganin Gidan Bayi ayari-ayari, akwai ɗan bakin ruwa mai yashi kusa da inda ake sauka. Wurin da yaran firamare suke zuwa da malaminsu, shi ne ake sayar wa manyan mutane masu furfura a farashi ninkin ba ninkin, wai don kada su ɓata.

Ba na musun cewa jirgi yana tafiya ya bar mutum. Yana yi, kuma wanda aka bari shi zai nemi hanyar cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Gaskiya ne kuma in motar kamfani ce ta makara, ana jiranta. Amma mu duba girman abin da ake tsorata mutane da shi. Ana rubuta lokacin da kowa zai kasance a cikin jirgi, galibi rabin awa kafin tashi. Ana faɗin agogon da jirgi yake aiki da shi, don wani lokaci yakan saɓa da na garin. A takardar da ake rabawa kullum akwai lambar wakilin jirgi a tashar. Mutum ya duba lokacin kwale-kwale na ƙarshe, ya ɗauki wanda ke gabansa, ya riƙe takardun shaidarsa da ɗan canji. Shi ke nan fa. Maganin duk wannan bala'in da ake kururutawa agogo ne da lissafin da ɗan aji uku zai yi. A kan wannan ne ake karɓar kuɗi mai tsoka, kamfanin jirgi ya yanki rabonsa tun a teku, abin da ya rage ya gangaro wurin mai mota da ɗan rakiya, mai kwale-kwale kuwa sai in an rage.

Wanda yake son ganin inda wannan hanya take ƙarewa ya dubi Bahamas. Kamfanin Royal Caribbean yana da tsibirinsa na kansa, CocoCay, wanda ya kashe wajen dalar Amurka miliyan 250 ya gyara, ya buɗe a 2019. Jirginsa Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 tsawonsa mita 365 ne, wato ya kai rabin Gadar Kennedy ta nan Yamai, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. A juye wannan taro a tsibirin da kamfani ne mai yashi, kamfani ne mai kujera, kamfani ne mai abinci. A Labadi ta ƙasar Haiti ma shinge aka zagaya. An kusa hutawa da ɗan gari ke nan, sai ƴan tsirarun da kamfani ya yarda su shigo su yi ciniki. Ba banza ba Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Benis a 2021, Girka kuma ta sa harajin Yuro 20 a kan duk fasinjan da ya sauka Santorini ko Mikonos a tsakiyar lokacin baƙi. Sun gaji da taron da yake cika musu titi ya koma cin abinci cikin jirgi.

Masu kare kamfanoni za su ce ai tsari da inshora su ne kwanciyar hankali. Jirgin Costa Concordia da ya kife a gaɓar tsibirin Jiliyo a Janairun 2012, mutum 32 suka mutu, yana da inshora, kuma kyaftin mai farar riga ne ya matsa da shi kusa da dutse. Joola da ya nutse a Satumban 2002 da mutum fiye da 1,800 jirgin gwamnatin Senegal ne. Takarda da hatimi ba su taɓa hana ruwa cin mutum ba.

Mu dawo bakin Isa, inda abin ya fi yi mini ciwo. Kowa ya san halin da masu kwale-kwalen yawo suke ciki. Tun harin Kure na 9 ga Agustan 2020, wanda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a yankin raƙuman dawa, baƙi suka fara ɗauke ƙafa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuwa sai dai labari. Da can Turawa sukan cika kwale-kwale zuwa Bubon ranar Laraba, su ga kasuwa, su sayi tukwane, su haye tsibiri su ci abinci. Na Ayoru ba a ma maganarsa yanzu saboda rashin tsaro, kuma ba ni ne zan ce wa kowa ya kwashi iyalinsa ya nufi can ba. Wanda ya rage wa mai kwale-kwale shi ne ɗan gari, ni da kai, mu da muke neman inda za mu kai yara su sha iska idan wuta ta ɗauke, gida ya zama tanda. A daidai wannan lokaci ne wani ya zo ya tsaya tsakaninmu da shi, ya ce masa ga abin da zan ba ka na wuni, ya juyo ya ce mana kada ku yi magana da shi, hatsari ne. Da aka gama, kwale-kwalen da za a sa mu ciki nasa ne, shi ne zai tuƙa, da sandar nan tasa da muka sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai fatake ma da madugu suke tafiya. Haka ne. Kakanninmu da suka yi Gwanja neman goro ba su kama hanya da ka ba. Amma madugu yana cikin ƙura tare da ayari, shi ya san rijiya, shi ya san inda ƴan fashi suke kwana. A kan ruwa madugu shi ne mai kwale-kwale. Shi ya san inda dorina ta haihu bana, ya san ramin da masu ɗibar yashi suka bari a ƙarƙashin ruwa, ya san yashin da yake ɗaukar mutum da wanda yake haɗiye ƙafa, yana kallon gabas ya ce maka iskar hadari ta kusa, mu koma. Sorkawa sun gaji wannan sani tun kafin a yi gada ta farko a 1970. Tsofaffinsu sun ga kogin nan ya tsaya cik a Yamai a 1985, sun kuma ga ya haɗiye unguwanni a 2020. Yaron da yake zaune a ofis mai sanyi yana tsara talla a kwamfuta, me ya sani da zai ƙara a kan wannan? Ko iyo ban tabbata ya iya ba.

Hatsarin kogi gaskiya ne, kuma mun san waɗanda yake ci. A 2014 dorina ta kifar da kwale-kwale a wajen Libore, yawancin waɗanda suka rasu ƴan makaranta ne da suke ƙetarawa zuwa aji. Kowace bazara ana rasa samarin da zafi ya kora wanka. Mutanen Neni Gungu da sauran tsibiran kullum a kwale-kwale suke zuwa kasuwa da asibiti. Ban taɓa ganin tallar da ta damu da waɗannan ba. Rai yana zama abin tattali ne kawai idan mai shi yana da jika goma da zai biya ranar Lahadi.

Mu ma masu saye muna da namu laifin, kuma gara a faɗa. Akwai wani ciwo da ya kama ƴan bokon birnin nan: mutum ya fi son a ba shi rasit da Faransanci a kan ya tsuguna a bakin ruwa ya gaisa da dattijo da Zabarmanci, ya tambayi farashi, a ce masa albarka, ya ƙara, a daidaita. Yana ganin ciniki zubar da girma ne. Jikan mutumin da ya taka daga Adar har Makka ta Chadi da Sudan, ɗan mutumin da ya je Abijan ci-rani ba ya jin ko kalma ɗaya ta Faransanci ya dawo da rediyo da keke, shi ne yau ba zai iya haye rabin kilomita na ruwa ba sai an riƙe masa hannu an rataya masa kati a wuya. Ya dawo ya cika Facebook da hotuna, ka tambaye shi sunan wanda ya tuƙa shi, bai sani ba. Wannan ba wayewa ba ce, lalaci ne aka yi wa kwalliya.

Idan da gaske lafiyar mutane ake so, aikin ba shi da yawa. Ofishin magajin gari ya sa lamba a jikin kowane kwale-kwalen haya, ya kafa allon farashi a mashigai, a tilasta rigar ruwa kamar yadda ake yi a Ngor. Su ma masu kwale-kwalen su haɗa kansu, su fitar da lambar waya guda da za a riƙa kira. Kamfanoni su ci gaba da sayar da motarsu da gasasshen kifinsu ga mai so, akwai tsofaffi da baƙi da abin zai yi wa amfani, amma su goge layin nan na ƙarshe.

Shekaranjiya da yamma na gangara ƙarƙashin Gadar Kennedy na sami dattijon da ya saba ƙetarar da mu tun yarana suna ƙanana. Na nuna masa tallar a waya, wani yaro ya karanta masa. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce: "Malam, ai kwale-kwalena suka yi haya makon jiya." Mun yi ciniki na ranar Lahadi, ni da yara da uwarsu. Ya ce yana da rigar ruwa huɗu, zai aro ta biyar wurin maƙwabcinsa, mu zo da hantsi kafin yashi ya yi zafi, kuma kada in manta da goronsa.