"Kada Ku Taɓa Shafaffe": Ayar da Aka Mayar Takunkumi

Tun daga PZ har gadar Kwangila, bango ya sake cika da hotunan tallar tarurrukan annabci, kowane da alkawarinsa: aure, aiki, biza, haihuwa. Wannan ba sabo ba ne a Zariya. Abin da ya ishe ni shi ne amsar da ake jefa wa duk wanda ya ce a nuna masa inda aka rubuta: "Kada ka taɓa shafaffen Ubangiji," wato wanda Allah ya keɓe wa kansa. Da an faɗi haka sai baki ya mutu, dattijo ya sunkuyar da kai, matar zumunta ta ɗaure bakin zaninta ta koma gida.

To, a buɗe ayar. Zabura 105:15 ce, amma a fara daga aya ta 8. Magana ce a kan Ibrahim da Ishaku da Yakubu, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan. Sarakuna Allah yake tsawatawa kada su cuce su, irin yadda ya gargaɗi Abimelek a Farawa 20. Ayar garkuwa ce ga mara ƙarfi a gaban mai iko. Yau mai ikon ne ya ɗauke ta yana kare kansa daga tambayar talaka. Dauda ma da ya ƙi kashe Saul a kogo, ai fitowa ya yi ya faɗa masa laifinsa. Natan bai yi wa Dauda shiru ba, Bulus kuma ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya, Galatiyawa 2:11.

Haka batun "shuka iri", wato ba da kuɗi don a girbi albarka. A Luka 8:11 Yesu ya fassara misalinsa da bakinsa: irin nan Maganar Allah ce. Gaskiya ne Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka a 2 Korintiyawa 9:6, sai dai mai wa'azin shuka iri a nan yake taka birki. Aya ta 7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya, ba a kan tilas ba, gudummawar kuwa ta matalautan Urushalima ce. Ina wannan ina kiran "masu dubu hamsin su fito gaban bagade", sannan masu dubu ashirin, har a gangaro kan mai ɗari biyar yana tafiya da kunya? Kwalbar mai da ake sa wa farashi kuwa, a karanta abin da Bitrus ya gaya wa Siman, wanda ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, a Ayyukan Manzanni 8:20.

Wasu za su ce bincike rashin bangaskiya ne. Su je su gaya wa Luka, wanda ya yabi mutanen Biriya don kullum suna bin Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Idan an auna Bulus, wane ne ya fi ƙarfin ma'auni?

Aikin ba ya bukatar digirin tauhidi. A je sujada da biro, a rubuta kowace aya da aka ambata, sura da lamba. A gida a karanta aya goma kafin ta da goma bayanta, domin yawancin maguɗin a yankan yake. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari ma sai a 1551 aka sa su, marubutan ba gutsi-gutsi suka rubuta ba. A tambaya: wa ke magana, da wa, a kan me? Abokan Ayuba sun yi dogayen jawabai masu daɗin ji, amma a sura ta 42 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba, ga shi ana ɗauko maganarsu a yi wa'azi. A gwada fassara biyu, ta Hausa da ta Turanci. Idan duk koyarwar ta rataya a kan kalma ɗaya da babu ita a ɗayar, akwai lauje cikin naɗi. Annabci kuma a rubuta shi da kwanan wata. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce annabcin da bai cika ba, ba daga Ubangiji yake ba; ba ta bar ƙofar "bangaskiyarka ce ta gaza" ba.

Abin takaicin, wannan a Zariya yake faruwa. Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS shekaru ya yi a nan yana fama da fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Majami'ar St. Bartholomew tana nan tsaye a Wusasa. Jikokin waɗanda suka koyi karatu don su karanta da kansu, su ne yau ke ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo, littafin na rufe a cinya.

Shugabannin ikkilisiyoyi su dawo da nazarin tsakiyar mako da ake yin tambaya a cikinsa, dattawa kuma su daina ba da bagade ga baƙon da ba su san koyarwarsa ba don kawai yana cika kwanon baiko.